Wa Ke Biyan Cikon Kuɗin? Tambayoyi da Amsoshi Kan Asalin Kayan da Muke Saye

Bahaushe ba baƙo ba ne wajen tambayar asalin kaya. Tsaya minti goma a kowace kasuwa za ka ji ana tambaya: shinkafar nan 'yar gida ce ko 'yar waje? Albasar 'yar Aliero ce? Dabinon ɗan Agadas ne ko ɗan Madina? Gwal ɗin ɗan Dubai ne ko ɗan Saudiyya? Sai dai duk waɗannan tambayoyi na tsoron kar a cuce mu ne. Akwai ta biyu da ba mu saba yi ba: kafin kayan nan ya iso hannuna, an cuci wani? Ga abin da mutane suka fi tambaya idan aka tayar da zancen.

Mece ce ɓoyayyar tsada? Ai abin da mai kaya ya sallama shi na biya.

Ka biya mai kaya, wannan gaskiya ne. Amma ɗauki buhun gawayi mu ƙirga tare. A cikin kuɗin da ka miƙa akwai ladan wanda ya sare itace, da na wanda ya jera shi ya rufe da ƙasa ya kwana yana gadin wuta, da kuɗin mota, da na 'yan dako, da abin da aka bari a shingayen hanya, da ribar mai sayarwa. Abu ɗaya ne babu kuɗinsa a ciki, wato ita kanta bishiyar. Ƙiryar da ta shekara 40 tana girma, ba wanda ya saye ta, ba kuma wanda zai dasa madadinta. In kuwa kaɗanya ce ko ɗorawa aka kayar, matan ƙauyen da ke tsintar ƙwara suna yin man kaɗe, da masu dafa kalwa suna yin daddawa, sun rasa abin da suke samu duk shekara, ba tare da an ko yi musu sallama ba. Su ne suka biya cikon.

Kusan kowane kaya haka yake. Wani lokaci ma'aikaci ne ke biyan cikon da lafiyarsa, wani lokaci mutanen garin da masana'anta ke zuba musu dagwalo a kogi. Wani lokacin kuma kai ne da kanka, bayan shekara biyar, a layin ganin likita.

Me ya haɗa ɗan kunnen gwal da mutuwar yara?

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan sanƙarau a jihar Zamfara suka samu labarin wasu ƙauyuka da ƙananan yara ke ta mutuwa bayan amai da jijjiga da suma. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi aiki ba. Da aka gwada jinin yaran sai aka tarar da gubar dalma, mai yawan da likitoci ba su saba gani ba.

Ga yadda abin ya faru. Farashin zinare ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya a wancan lokaci, manoma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka ga haƙar zinare ta fi noma kawo kuɗi. Dutsen da ke ɗauke da zinaren yankin kuwa cakuɗe yake da dalma. Maza su haƙo, su kawo gida a buhu. A daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta kwanta a ƙasa, a tabarma, a kwanon abinci. Yaro mai rarrafe kuwa ƙasa ce duniyarsa, duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake kaiwa. A ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta da Abare da Sunke da Bagega, aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci magani. Daga cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, kuma irin wannan illa ba ta gyaruwa.

Maganin ma bai yiwuwa sai an fara gyara gidan, domin in ka wanke jinin yaro ka mayar da shi tsakar gidan da ta sa masa cutar, aikin banza ka yi. Sai da aka bi gida gida ana kankare ƙasa ana kwashewa, ana zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta jira har 2013 saboda jinkirin sakin kuɗi daga gwamnatin tarayya, yaranta na zaune cikin gubar duk tsawon wannan lokaci. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Bayan dalma akwai zaiba, wadda masu haƙa ke cuɗawa da garin dutse don ta kamo zinaren, sannan su ƙona ta a fili, tururin ya bi hanci. Akwai kuma ramin da ke ruftawa da mutane, da 'yan bindigar da suka gane inda kuɗi yake. Zargin alaƙar haƙar da ta'addanci ne ya sa gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, haramcin da ba a ɗage ba sai a Disambar 2024.

Iyayen yaran nan ba mugaye ba ne. Talakawa ne da suka ga hanyar samu, ba kuma wanda ya taɓa gaya musu cewa dutsen yana kisa. Dillalan da ke sayen zinaren ma ba su taɓa tambayar inda ake daka shi ba.

Ni gwal ɗina ɗan Dubai ne. Shi ma ya shafe shi?

Dubai ba ta da mahaƙar zinare, kasuwa ce da matatu. Zinaren da ake ƙerawa a can daga wani wuri ya zo, kuma mai yawa daga Afirka. Ƙungiyar Swissaid ta ƙasar Suwizalan ta ƙiyasta a rahotonta na 2024 cewa aƙalla tan 435 na zinare aka fitar daga Afirka ta ɓarauniyar hanya a 2022 kaɗai, mafi yawansa kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya nufa. A ciki akwai na Sudan da Mali da Ghana, akwai na Jado a arewacin Nijar inda samarinmu suka yi ta tururuwa tun 2014, akwai na Najeriya.

Da zarar an narka zinare, asalinsa ya ɓace. Babu maƙerin da zai duba sarƙa ya ce wannan daga Anka take. Saboda haka abu ne mai yiwuwa zinaren ya bar Zamfara da arha, ya zaga ta Dubai, ya dawo cikin akwatin lefe da tsada. Mu muka yi asarar yaran, mu kuma muka biya ribar.

Abin da ke hannun mai saye a nan kaɗan ne, amma akwai shi. Zinare ba ya tsufa. Tsohuwar sarƙar mahaifiya da aka kai wa maƙeri ya sake mata fasali ba ta sa an haƙa sabon rami ba.

Wayar hannu fa? Na ji ana cewa da jinin 'yan Kwango ake yin ta.

Maganar ta yi zafi, amma tana da tushe. Batirin mafi yawan wayoyi yana ɗauke da ma'adinin kobalt, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, musamman yankin Kolwezi a kudancin ƙasar. Manyan kamfanoni ne ke haƙo mafi yawansa da injuna, amma wani kaso yana fitowa daga hannun masu haƙa da diga da shebur, waɗanda ke shiga rami mai zurfi babu abin tokare shi, babu abin rufe hanci. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa a 2014 yara kusan 40,000 ne ke aiki a mahaƙun kudancin ƙasar. Daga nan sai a sayar wa dillalai, a kai Sin inda ake tace mafi yawansa, ya shiga batir, ya shiga waya, ya iso Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja.

A gabashin ƙasar kuma akwai koltan, wanda ake cire sinadarin tantalum daga cikinsa don ƙananan kayan cikin waya. Garin Rubaya, ɗaya daga cikin manyan mahaƙunsa, ya faɗa hannun 'yan tawayen M23 a Afrilun 2024, suna karɓar haraji a kan abin da aka haƙo.

Wannan labari bai kamata ya zama baƙo a kunnenmu ba. Kuzar Jos ta yi shekaru tana tafiya Ingila, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har tilasta wa talakawan Arewa aka yi zuwa haƙarta. Kududdufan da aka bari suna nan har yau a Filato suna cin mutane da dabbobi. Yanzu kuma ga litiyom ana haƙa a Nasarawa, shi ma don batir, kuma an riga an ga yara a bakin ramukan.

Atamfa ta yi arha, talaka ya samu sutura. Ina laifin wannan?

Babu laifi a talaka ya samu sutura. Amma a je Kakuri a Kaduna a ga abin da aka biya.

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, daga baya United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles da wasu suka biyo, Kano ma ta cika da nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa. A shekarun 1980 masaƙu na cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a Najeriya in aka cire gwamnati. Bayan kowane ma'aikaci kuma akwai manomin auduga a Funtuwa da Malumfashi da Gusau, da ma'aikacin gidan gurza, da direba, da mai sayar da abinci a ƙofar masana'anta. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Wasu ma'aikatan sun rasu suna jiran kuɗin sallama.

Ba mai saye ne ya kashe masaƙun nan shi kaɗai ba, kuma rashin adalci ne a ce haka. Rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin man da injuna ke sha, da tsofaffin injunan da ba a sabunta ba, da sakacin shugabanni, duk sun riga sun kwantar da su. Sai ga atamfar Sin tana shigowa ta kan iyakar Binin da Nijar babu haraji, wani lokaci ɗauke da zanen da aka kwafa daga masaƙunmu har da tambarinsu. Ba yadda za a yi wanda ke biyan haraji da kuɗin janareta ya yi gogayya da wanda bai biya ko ɗaya ba. Yau in ka shiga Kantin Kwari, kasuwar da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru, ka nemi abin da aka saƙa a gida, sai ka yi yawo.

Ita kanta mai arhar, da yawanta abin da mata ke kira roba ce, wato zaren da aka yi daga man fetur. Ba ta shan gumi, ba ta jure wanki, ba ta ruɓewa in an jefar. Turmi ɗaya mai kyau da zai yi shekara biyar ya fi uku da za su koɗe kafin wata Sallar. Tsofaffi sun riga sun faɗa, araha ba ta ado.

To gwanjo? Ai wannan taimakon muhalli ne, tunda kayan da aka riga aka sa ne.

Ta wani gefen haka ne, kuma gwanjo ya rufa wa miliyoyin gidaje asiri, musamman lokacin hunturu. Amma a bi rigar daga farkonta.

An ɗinka ta a wata ƙasa kamar Bangaladash. A can ne ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta a Savar kusa da Dhaka, ya kashe mutum 1,134, mafi yawansu mata masu ɗinki. An ga tsagewa a bangon tun ana gobe, amma aka umarce su da su koma bakin keke, don akwai odar kamfanonin Turai da Amurka da za a cika. Arhar irin wannan ɗinki ce ta sa mai saye a can yake sa riga sau kaɗan ya jefa a akwatin sadaka. Abin da ya fi ƙarfin shagunansu sai a ɗaure shi dila dila a turo Afirka.

A kasuwar Kantamanto ta Accra, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa. Ɗan kasuwa ya sayi dila a rufe, sayen kifi a ruwa, ya buɗe ya tarar da rabi tsumma ne, bashi ya hau kansa. Tsumman ya toshe magudanai, ya bi tafkin Korle ya shiga teku. Masu ɗaukar dilolin a ka, masu nauyin kilo 55 ko fiye, 'yan mata ne daga arewacin Ghana da ake kira kayayei, sunan da ya samo asali daga kalmarmu ta kaya. Wuya da ƙashin baya su ke biya. Duk wanda ya taɓa buɗe dila a Ƙofar Wambai ya san wani ɓangare na wannan labari.

Abincin da ake nomawa a gida ai babu wannan matsala, ko?

A nan ma ɓoyayyar tsadar ta fi kusa da tukunyarka. Ɗan kasuwa na tsoron ƙwari su cinye masa wake a sito, sai ya zuba fiya-fiya, maganin da ba a yi shi don a haɗa da abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari a jikinsa. Su sun auna sun ƙi, mu kuwa ba mai auna mana, muna ci. Abin baƙin cikin shi ne akwai mafita: buhun PICS mai ninki uku yana kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba. Ya fi buhun gama-gari tsada, shi ya sa wanda ba a taɓa tambayarsa ba bai ga dalilin saye ba.

Haka ayaba da mangwaron da ake nunar da su da kabaid ɗin masu walda. Haka kayan lambun da ake ba ruwan Jakara da Getsi a Kano, ruwan da ya kwaso dattin gari da na masana'antun Bompai. Manomin da ke tsaye cikin ruwan nan babu takalmi shi ne farkon wanda ke cutuwa, kafin mai cin latas ɗin.

Garin cakulan da ake kaɗawa a shayi kuma daga ƙwayar koko yake, wadda Kwaddibuwa da Ghana ke noma fiye da rabin ta duniya. Wani bincike na cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago da ya fito a 2020 ya ƙiyasta yara miliyan 1.56 na aikin da bai dace da shekarunsu ba a gonakin ƙasashen biyu, shekara 19 bayan manyan kamfanonin cakulan sun yi alkawarin kawar da mafi muninsa.

Mu kullum masu saye ne, ko akwai inda mu ne ake cuta?

Igiyar nan muna riƙe da bakinta biyu, kuma jaki ne ya fi nuna haka. A Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai kama da ƙaro da ake kira ejiao, ana sayar da shi a matsayin maganin ƙarin jini da gyaran jiki. Da jakunan can suka yi ƙaranci sai aka juyo Afirka. Daga kasuwanni irin su Maigatari ake loda jakuna a tirela zuwa mayankar kudu. Farashi ya tashi har ya fi ƙarfin mai ɗiban ruwa da mai kai taki gona, sata kuma ta yawaita. Jaka ba ta haihuwa da sauri, cikinta shekara guda ne, ɗa ɗaya. In jakin gida ya tafi, kayan da yake ɗauka kan mata da yara yake komawa. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024. Mai shan ejiao a Shanghai bai san da wata yarinya da ta daina zuwa makaranta don ɗiban ruwa ba, kamar yadda mu ba mu san yaron Kolwezi ba.

Haka fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko: jakar tana Italiya, ruwan sinadarin jima yana kogin Challawa. Haka madobiyar Taraba da aka yi ta lodawa zuwa Sin don kujerun alfarma. Haka yuraniyom ɗin Arlit da ya yi shekaru da dama yana haskaka gidajen Faransa bayan fara haƙarsa a 1971, alhali mafi yawan ƙauyukan Nijar na kwana a duhu, mahaƙar Cominak kuma da ta rufe a 2021 ta bar tulin miliyoyin tan na sharar da ke fitar da turiri mai cutarwa a gefen garin Akokan.

Ni da ke fafutukar abin da za a ci yau, ina ni ina wannan dogon tunani?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma mai yin ta yana da gaskiya. Matar da ta koma gawayi saboda gas ya fi ƙarfin mijinta ba ita ta cinye daji ba. Uban da ya saya wa 'ya'yansa gwanjo don Sallah ba shi ya rushe Rana Plaza ba. Alhaki gwargwadon iko yake. Kaso mafi girma yana kan kamfanin da ya san inda kayansa ke fitowa ya kau da kai, da gwamnatin da ke da doka a takarda ba ta aiki da ita, da jami'in da ya karɓi na goro ya buɗe hanya. Duk wanda ya zo yana ɗora wa talaka laifin duniya don ya sayi abin da aljihunsa ya iya, bai yi adalci ba.

Amma a cikinmu akwai masu zaɓi, kuma sun fi yadda muke zato yawa. Mai canja waya duk shekara alhali tsohuwar lafiyarta lau. Mai cika akwati goma sha biyu na lefe da kayan da rabinsu ba za a ɗinka ba. Mai fitar da anko uku a biki ɗaya. Mai sayen wake tirela guda ya ajiye. Waɗannan in suka canja, kasuwa za ta ji.

Shi ma talakan sanin yana da amfani gare shi, domin sau da yawa shi ne mai biyan cikon. Shi ke sayen caja mai arha sau huɗu a shekara, ɗansa ne ke wasa kusa da inda ake fasa batir.

Idan muka daina saye, ba masu haƙar da masu ɗinkin za mu jefa cikin yunwa ba?

Haka ne, kuma an taɓa gani. A 2010 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni bayyana ko ma'adinansu sun fito daga yankunan yaƙi na Kwango. A shekarar ce kuma gwamnatin Kwango ta dakatar da haƙa a lardunan gabas na kusan wata shida. Masu saye da yawa suka gudu gaba ɗaya, dubban iyalan da ba ruwansu da yaƙi suka rasa abin yi. A Zamfara ma haramci bai tsayar da haƙa ba, ɓoye ta ya yi, abin da aka ɓoye kuwa ba mai iya gyara shi.

Abin da ya fi aiki shi ne a ci gaba da ciniki amma a canja sharaɗi. Bayan Rana Plaza, matsin lambar masu saye da ƙungiyoyin ƙwadago ya sa kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu kan yarjejeniyar da kotu za ta iya kama su da ita, aka binciki masana'antu fiye da 1,600, aka gyara wayoyin wuta da ƙofofin gudun gobara. A Zamfara, abin da ya rage gubar shi ne fitar da niƙa daga cikin gari, da jiƙa dutsen kafin a niƙa don kar ƙura ta tashi, da wanka da canja kaya kafin a koma gida a ɗauki yaro.

Addini ya ce wani abu a kan wannan?

Ya ce, tun kafin a san kalmar masana'anta. Sura guda ta Alƙur'ani da gargaɗin masu tauye mudu ta fara. Hadisi ya zo cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma babu cuta babu cutarwa, kuma za a tambayi bawa game da dukiyarsa, ta ina ya same ta, ta ina ya kashe ta. Mun ƙware wajen tambayar ko naman yankan Musulmi ne, muna duba bayan kwalin biskit don gudun man alade, wannan kuma daidai ne. Haƙƙin ɗan'adam da aka danne wajen yin kayan ya cancanci irin wannan kulawar. Hukuncin kowace mas'ala aikin malamai ne, amma zai yi kyau a riƙa jin batun a mumbarin Juma'a, musamman a garuruwan da ake haƙa da jima da ajiye hatsi.

Lambar NAFDAC ko tambarin da ke jikin kwali bai isa shaida ba?

Kowace shaida da abin da take shaidawa. Lambar NAFDAC tana nufin an yi wa kayan rajista a matsayin wanda ya dace a ci ko a sha, in lambar ta gaskiya ce. Ba ta cewa komai game da albashin wanda ya yi shi. Sunan ƙasar da aka rubuta a jiki yakan nuna inda aka harhaɗa ne a ƙarshe. Tambarin Fairtrade da ake gani a wasu kwalayen cakulan da kofi yana nufin an biya manomi farashin da bai gaza wani ƙa'idajjen mataki ba, ya fi babu, amma bai kawar da talaucin manoman ba. Mu da muka san ana juye shinkafar gida a buhun 'yar waje a ɗinke, mun san iyakar abin da buhu ke iya faɗa.

Inda muka fi mutanen Turai sa'a shi ne yawancin cefanenmu a hannun mutum muke yi, ba a kan kanta ba. Kana iya kallon idon mai wake ka ce, Alhaji, da me aka ajiye shi? In mutum goma suka yi masa wannan tambaya a mako ɗaya, zai kai ta wurin wanda ya sara masa.

In kaya ya mutu, me zan yi da shi? Musamman batirin sola da na mota.

Kar ka raina wannan, domin gidajenmu sun cika da batira tun da wutar gwamnati ta zama abin da ta zama. Batirin mota da mafi yawan na inbata cike suke da dalma da ruwan asid, dalmar nan dai da ta kashe yaran Zamfara. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda mutanen unguwar na fasa tsofaffin batira, mata na tankaɗe ƙasar wurin suna tsintar dalma don sayarwa, da goyo a bayansu.

Idan ka sayar wa ɗan gwangwan, sau da yawa da gatari za a fasa shi, a tuttular da ruwan a kwata, a narka dalmar a fili. Yaran da ke wannan aiki almajirai ne da 'yan ci-rani, hannu babu safa. Tarkacen ƙarfen da bai da tsabta kuma yakan koma wurin masu zuba tukwane. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano cewa dalma na fita daga jikinsu ta shiga abin da aka dafa.

Saboda haka mayar da mataccen batir a rufe yadda yake ga dilan da ke karɓar tsoho ya rage maka kuɗin sabo, ka kuma tambaye shi inda yake kaiwa. Kafin ka kai, ajiye shi a tsaye, a inda yara ba sa wasa, nesa da rijiya da madafa. Kar a zubar da ruwansa, kar a bar yaro ya ɓalle kansa don yin abin wasa. Batirin waya ko na fawa-bank da ya kumbura kar a huda shi, kar a jefa shi cikin sharar da za a cinna wa wuta, yana fashewa. Wayar da gilashinta ya tsage ko bakin cajinta ya lalace kuwa, mai gyara na nan a bakin kasuwa, kuma mafi yawan lokaci aikin rabin awa ne.